Florence Nightingale: Mai Fitila da Nauyin da Ta Ɗauko Daga Asibitin Scutari

Da wuya a sami ɗalibin da ya yi firamare bai taɓa ganin hoton wata Baturiya mai doguwar riga ba, riƙe da fitila, tana zagaya gadajen marasa lafiya da dare. Ita ce Florence Nightingale. Ranar haihuwarta, 12 ga Mayu, ita ce ranar bikin nas-nas na duniya a kowace shekara. Abin da aka saba koya mana shi ne ta je wurin yaƙi, ta tsabtace asibiti, sojoji suka warke, ta koma gida da girma. A nan labarin yakan tsaya. Amma bayan ta dawo ta ƙara shekara 54 a duniya, kuma da yawa daga cikin shekarun nan a ɗaki ta yi su, a kwance. A bana mun ga ya kamata mu kai labarin har ƙarshensa, domin da yawa cikinku 'ya'yan ma'aikatan asibiti ne, waɗansu kuma suna da niyyar shiga makarantar nas in sun gama aji shida.

An haife ta a 1820 a birnin Florence na ƙasar Italiya, lokacin da iyayenta suke yawon buɗe ido, sai suka sa mata sunan garin. Mahaifinta, William Nightingale, attajiri ne mai gidaje biyu a Ingila, Embley da Lea Hurst. Shi da kansa ya koya mata da yayarta Parthenope Girkanci, Latin, Faransanci, Jamusanci da tarihi. Ita kuwa lissafi ta fi so. Ran 7 ga Fabrairu 1837, tana da shekara 16, ta rubuta cewa Allah ya yi mata magana, ya kira ta ga hidimarsa. Ba ta san wace irin hidima ba tukuna. Da ta gane aikin jinya ne, a 1845 ta roƙi izini ta je asibitin Salisbury ta koya. Gidan ya yamutse. A zamanin nan aikin nas aikin matalauta ne, ana kuma yi musu kallon mashaya. Uwarta da yayarta suka ƙi sam.

Ta yi shekaru tana zaman jira a gida, tana karɓar baƙi, tana karanta rahotannin asibitoci a ɓoye da asuba. Wani mutumin kirki, Richard Monckton Milnes, ya daɗe yana neman aurenta, tana kuwa sonsa, amma a 1849 ta ƙi, domin ta ga aure zai rufe mata hanyar kiran. Takardun da ta rubuta wa kanta a wajen 1850 sun nuna baƙin ciki ya yi mata yawa, har ta yi ta fatan mutuwa. Ku riƙe wannan, gama yana nuna ba da zuciyar dutse ta tafi wurin annoba ba. A 1851 ta samu ta yi wata uku a Kaiserswerth ta ƙasar Jamus, inda Fasto Theodor Fliedner yake horar da mata masu hidimar ikkilisiya su yi jinya. A 1853 mahaifinta ya yanka mata fam 500 a shekara, ta bar gida, ta zama shugabar wani ƙaramin asibitin mata a titin Harley a Landan.

A watan Maris 1854 Ingila da Faransa suka shiga yaƙi da Rasha, suna goyon bayan Turkiyya. Wannan shi ne yaƙin Kirimiya. Ya kuwa faɗo a tsakiyar babbar annobar kwalara ta uku, wadda ta zagaya duniya daga wajen 1846 zuwa 1860. Tun sojoji suna sansanin Varna, kafin su yi arangama da abokan gaba, kwalara ta fara kwasarsu. Da jaridar Times ta ba da labarin yadda majinyata suke mutuwa ba mai kula da su, mutanen Ingila suka husata. Sidney Herbert, ministan da yake kula da sha'anin soja, wanda ya san Florence tun haɗuwarsu a Roma, ya roƙe ta ta jagoranci mata zuwa can. Ran 21 ga Oktoba 1854 ta tashi da mata 38: sistocin Katolika 10, na Angilika 14, da nas-nas na asibiti 14. A farkon Nuwamba suka isa Scutari, hayin teku daga Santambul.

Asibitin tsohon barikin sojan Turkiyya ne, ƙaton gini da aka zaunar a kan magudanar ƙazanta da ta toshe. In iska ta kaɗa, sai warin ya biyo bututu ya shiga ɗakuna. Ɓeraye da ƙuma da kwarkwata sun cika ko'ina. Dukan matan aka cusa su cikin 'yan ɗakuna kaɗan, ruwan da ake ba kowace a rana kuwa bai fi rabin lita da ɗan ɗori ba, na sha da na wanka duka. Likitocin soja ba su yi murna da zuwansu ba. Florence ta kafa doka, kada wadda ta taɓa majinyaci sai likita ya ba da izini. Saboda haka suka yi kwanaki suna ɗinkin tsummoki da jera kaya, alhali suna jin nishin mutane ta bango. Ku yi tunanin wannan. Mace ta bar ƙasarta don ta taimaka, ga masu ciwo kusa da ita, an kuma ɗaure mata hannu. Sai da jiragen ruwa suka fara sauke waɗanda aka ji wa rauni a yaƙin Inkerman, aiki ya fi ƙarfin likitoci, sa'an nan aka ce su shigo.

Daga nan ba su ƙara samun hutu ba. In aka jera shimfiɗun majinyata, tsawonsu ya kai mil 4. Ana yanke ƙafa da hannu a gaban sauran majinyata, har sai da Florence ta sayi labule don wanda yake jiran nasa kada ya ga na ɗan'uwansa. Ta sayi buroshin goge ƙasa 200, ta kama gida ta mai da shi wurin wanki, ta ɗauki matan sojoji aiki a ciki. Bayan ƙarfe 8 na dare ba macen da take shiga ɗakunan majinyata sai ita, daga nan ne sunan Mai Fitila ya samo asali. Masu zane sukan ba ta wata fitila mai kama da aci-balbal, amma ainihin tata irin ta Turkawa ce, kyandir a cikin ƙyalle mai naɗewa. In ta gama zagaye, sai ta zauna rubuta wasiƙu, waɗansu zuwa ga Herbert a kan kayan da babu, waɗansu zuwa ga iyaye da matan waɗanda suka mutu. Ta ɗora wa kanta cewa duk wanda ta ga yana bakin mutuwa, ba za ta bar shi ya cika shi kaɗai ba.

A wannan hunturu na farko sojoji 4,077 suka mutu a Scutari. Waɗanda atini, kwalara, taifot da zazzaɓin kwarkwata suka kashe sun ninka waɗanda rauni ya kashe wajen sau goma. A watan Fabrairu 1855, cikin kowane majinyaci 100 da aka yi jinyarsu, kimanin 42 suka mutu. Wato duk wanke-wanken da ciyarwar da addu'ar, mutane suna ta mutuwa fiye da dā.

Littattafan makaranta ba su cika maganar matan da suke tare da ita ba. Cutar ba ta bar su ba. Likitoci sun mutu, nas-nas sun mutu. Elizabeth Drake, wadda Florence take yabo ƙwarai, ta rasu a Balaklava a 1855. Sista Winifred ta Katolika kwalara ta ɗauke ta a shekarar nan, Sista Elizabeth Butler kuma zazzaɓi a 1856. Waɗanda suka rayu, an hana su fita su kaɗai, ba wurin da za su keɓe su yi kuka. Waɗansu suka faɗa shan giya, aka sallame su aka mai da su gida da kunya. Wata ta rubuta wa danginta wasiƙa mai zafi a kan mace-macen da take gani, wasiƙar ta fito a jarida, aka yi bincike aka ce ta ƙara gishiri a lissafin, ita ma ta koma gida. A ganinmu, bai kamata mu yi saurin yanke wa matan nan hukunci ba. Wadda ta wuni tana rufe idon samari sa'o'in ƙannenta, ta koma ɗakin da ba ta da ko kusurwar kanta, ba mai tambayarta yaya ta kwana, in ta nemi abin da zai sa ta barci, laifin ba nata ba ne ita kaɗai. Florence a lokacin ba ta ga haka ba. Horo da oda ta sa a gaba, gama ta san in mace ɗaya ta yi abin kunya, za a kore su duka.

A watan Maris 1855 gwamnati ta aiko da kwamitin tsabta, a cikinsu akwai Likita John Sutherland da injiniya Robert Rawlinson. Suka buɗe magudanai suka wanke, suka fasa tagogi don iska, suka kwashe mushen dabbobi, har da mushen doki da suka tarar a hanyar ruwan sha. Sanyi kuma ya wuce, cunkoso ya ragu. Kafin watan Yuni mace-mace sun sauko zuwa kimanin 2 cikin 100.

A watan Mayu ta haye zuwa Kirimiya don ta duba asibitocin Balaklava. Kwana kaɗan da isarta zazzaɓi ya kayar da ita. Ta yi wajen mako biyu tsakanin rai da mutuwa a wata bukka a kan tudu, wata nas mai suna Mrs Roberts tana jinyarta. Aka aske mata kai. Ko cikin zafin ciwo ba ta bar rubutu ba, tana ta rubuta abin da ba shi da kai. Likitoci suka ce ta koma Ingila ta huta, ta ƙi. Ta koma aiki ramammiya, ta ƙara shekara guda tana fama da babban likitan soja, John Hall, wanda bai taɓa son ganinta ba. Sai da aka ƙulla sulhu a Maris 1856, majinyaci na ƙarshe ya tashi, sa'an nan ta kama hanya. An shirya mata tarya da bandiri, ta guje. Ta yi tafiya da sunan Miss Smith, ta sauka a tashar jirgin ƙasa, ta taka da ƙafa zuwa Lea Hurst a watan Agusta.

Jikinta ya dawo gida, amma hankalinta yana Scutari. Ba ta iya barci, cikin dare sai a ji ta tana kai da kawowa a ɗaki. Ganin abinci yakan tayar mata da zuciya. Ta ƙi taro, ta ƙi yin jawabi, yabon da ake yi mata ma haushi yake ba ta. Takan kira sojojin da suka mutu 'ya'yanta, tana ganin kashe su aka yi da sakaci, kuma hakkinsu yana wuyanta. A maimakon hutu, sai ta ƙara wa kanta aiki. A watan Satumba ta gana da Sarauniya Victoria a Balmoral, ta nemi a kafa kwamitin bincike a kan lafiyar soja. Ta zauna da masanin ƙididdiga William Farr, suka bi lissafin mamata wata bayan wata. Lissafin ya nuna cuta ta kashe sojojin Ingila wajen 16,000, ninkin-ba-ninkin waɗanda makami ya kashe. Ya kuma nuna ko a gida, lokacin salama, matasa a bariki suna mutuwa kusan ninki biyu na tsaransu farar hula. Ta rubuta rahoto mai shafi fiye da 800, ta zana lissafin a da'ira mai launi don manyan da ba su son lambobi su gani da idonsu.

Wani marubuci, Hugh Small, ya kawo ra'ayi a 1998 cewa a cikin lissafin nan ne ta gane asibitinta ya fi sauran kashe mutane kafin a gyara magudanai, wai wannan ne ya karya ta. Waɗansu masana, kamar Lynn McDonald wadda ta tattara rubuce-rubucenta, ba su yarda ba. Abin da ba a gardama a kansa shi ne, a watan Agusta 1857, tana da shekara 37, ta fāɗi warwas a garin Malvern. Zuciyarta tana bugawa da sauri, numfashi yana yi mata wuya, ba ta iya tsayawa. Ta ɗauka mutuwa ce, har ta rubuta wasiyya. Daga ranar nan ta zama majinyaciya. Daga 1861 ta yi wajen shekara shida ba ta iya tafiya, sai a ɗauke ta daga gado zuwa kujera, ciwon baya kuma ya kai ta ga allurar rage zafi.

Me ya same ta? A zamaninta waɗansu sun yi ta raɗa cewa ciwon ƙarya ne don ta guje wa danginta. A 1995 wani masani, David Young, ya nuna cewa alamunta sun dace da cutar burusela, wadda ake ɗauka daga madarar awaki ko shanu da ba a dafa ba, tana kuma iya zama a jiki shekaru, ta kawo ciwon gaɓoɓi da rashin barci da baƙin ciki. Yawancin masana sun karɓi wannan. Waɗansu likitocin ƙwaƙwalwa kuma suna ganin alamun ciwon firgita da yakan bi wanda ya ga abin tsoro mai yawa. Mu dai ba mu ga abin da zai hana biyun su haɗu a jiki ɗaya ba.

Zamaninmu ya ba mu hanyar fahimtarta. Shekarar 2020, da ta cika shekara 200 da haihuwa, ita ce shekarar da annobar korona ta rufe duniya, har Ingila ta sa sunanta a asibitocin gaggawa da ta buɗe. A watan Maris na shekarar aka buga wani bincike a kan ma'aikata 1,257 a asibitoci 34 na ƙasar Sin. Rabinsu sun nuna alamun ciwon baƙin ciki, kashi 45 cikin 100 fargaba, kashi 34 rashin barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa ma'aikatan lafiya tsakanin 80,000 da 180,000 suka mutu daga Janairu 2020 zuwa Mayu 2021. Mu ma a nan ba baƙon abu ba ne. Zazzaɓin Lassa ya kashe nas-nas biyu na mishan a 1969, Laura Wine da Charlotte Shaw, a 1970 kuma ya kashe Likita Jeanette Troup a Jos. Akan tuna da waɗanda suka mutu. Abokan aikinsu da suka wanke su, suka binne su, suka koma aiki washegari, su ne ba a cika tambaya ba.

Akwai masu cewa mai bi na gaske ba ya shiga irin wannan duhu. Su sake karanta labarin annabi Iliya a 1 Sarakuna sura 19. Bayan babbar nasara ya gudu jeji ya roƙi mutuwa, abin da aka fara ba shi kuwa abinci ne da barci. Florence ba ta bar addu'a ba, ba ta bar karatun Littafi Mai Tsarki ba, duhun kuma bai tashi da wuri ba.

Dole mu faɗi wani abu marar daɗi. Ciwon ya sa ta zama mai tsanani ga na kusa da ita. Da yake ita ba ta hutawa, ba ta ganin dalilin da wani zai huta. Gwaggonta Mai Smith, wadda ta bi ta har Scutari, ta bar gidanta shekaru tana yi mata hidima, da ta koma wurin mijinta da 'ya'yanta a 1860, Florence ta yi fushi, suka yi kusan shekara 20 ba su ga juna ba. Sidney Herbert yana fama da ciwon ƙoda, likitoci suna cewa ya ajiye aiki, ita tana matsa masa ya ƙarasa gyaran ma'aikatar yaƙi. Da ya gaza, ta gaya masa magana mai zafi. Ya mutu ran 2 ga Agusta 1861 yana da shekara 50. Bayan wata uku Arthur Clough, mawaƙin da yake yi mata aike da rubutu, shi ma ya mutu. Rasuwar Herbert ta girgiza ta ƙwarai, har ƙarshen ranta tana tunawa da ranar kowace shekara.

Duk da haka daga kan gadon nan ta yi aikin da ya fi na Scutari yawa. A 1858 ta zama mace ta farko a ƙungiyar masana ƙididdiga ta Landan. Ta rubuta littafin koyar da jinya wanda har yau ana bugawa. Ta yi shekaru tana aiki a kan ruwan sha da tsabtar Indiya, ƙasar da ba ta taɓa takawa ba. Da kuɗin da jama'a suka tara mata, wajen fam 44,000, aka buɗe makarantar nas a asibitin St Thomas a Yuli 1860 da ɗalibai 15, kowace da ɗakin kwananta.

A 1865 aka aika ɗaya daga cikin ɗaliban, Agnes Jones, da nas-nas 12 zuwa asibitin gidan matalauta na Liverpool, inda majinyata suka wuce 1,000. Agnes ta yi aiki irin na Florence, daga asuba har tsakar dare. A Fabrairu 1868 zazzaɓin kwarkwata ya kashe ta tana da shekara 35. A shekarun da suka biyo baya muna ganin wata Florence dabam. A wajen 1872 aka sa wata babbar sista a gidan ɗalibai, aikinta ta zama musu kamar uwa. Florence ta riƙa kiran nas-nas ɗaya ɗaya zuwa gidanta na titin South, ta ba su shayi, ta saurare su. In an tura wata sabon wuri, sai ta tarar da furanni suna jiranta. In ta ji wata ta rame, sai ta aika mata ƙwai da nama, ko ta biya mata kuɗin tafiya ƙauye ta huta. Ta riƙa rubuta wa shugabannin asibitoci a kan abincin nas-nas da wurin kwanansu da hutunsu na shekara. Hutun da ta hana kanta, ta hana Herbert, shi ta riƙa nema wa 'yan matan nan da ƙarfi.

Bayan rasuwar uwarta a 1880, tana da shekara 60, ciwon ya fara sakinta. Waɗanda suka san ta a tsufa sun ce ta yi ƙiba, ta yi fara'a, tana wasa da kyanwoyinta da 'ya'yan dangi. Ta shirya da gwaggonta, ta kuma yi jinyar yayarta Parthenope, wadda suka daɗe ba sa jituwa, har ta rasu a 1890. Wajen 1901 idonta ya rufe, tunaninta kuma ya fara gushewa. A 1907 Sarki Edward na Bakwai ya ba ta lambar girma ta Order of Merit, ita ce mace ta farko da ta samu, amma da ƙyar ta gane abin da aka kawo mata.

Ta rasu cikin barci ran 13 ga Agusta 1910, tana da shekara 90. Gwamnati ta so a binne ta a Westminster tare da sarakuna, danginta suka ƙi bisa ga nufinta. Sajan shida na soja suka ɗauki akwatinta zuwa makabartar majami'ar St Margaret a ƙauyen East Wellow, kusa da iyayenta. A gefenta na dutsen kabarin an sa ɗan gicciye, da haruffa biyu, F. N., da shekarar haihuwa da ta mutuwa.